Kumbon Kawu Isiyaku

Duk mai mota a unguwarmu ta Whalley Range ya san tambayar Kawu Isiyaku: "Ina ka nufa?" Kafin ka rufe baki ya shige gidan gaba ya ɗaura bel. Injiniya guda, mai zana kumbon da ake turawa sararin samaniya ba mutum a ciki, amma ko keke bai taɓa saya ba!

Burinsa ɗaya ne, ku ma kun sha ji: ɗan kumbo mai araha, wanda bai fi kwalin taliya ba, ya je ya leƙo wani dutse mai yawo can gaba da duniyar Mars. Duk sanda masu ba da tallafi suka ƙi, sai ya ce, "Nauyi ya yi musu," ya koma ragewa.

Ragewar har gida ta biyo shi. Matarsa Inna Rabi ta nemi sikelin girkinta ta rasa, ashe yana ɗaki ana auna kusoshi. Da za su Kano, har mariƙin buroshin haƙorinsa ya guntule. Ta ce, "Malam, saura ni ka rage." Ya dube ta sama da ƙasa ya ce, "A'a, ba a taɓa inji."

Ranar ɗaurin auren 'yar'uwarmu Safiya a unguwar Small Heath ta Birmingham na ce, "Kawu, ga jirgin ƙasa nan kai tsaye zuwa Birmingham." Ya ce, "Kai Nura, kumbo mai hankali ba ya ƙona mansa. Wata duniya yake raɓa, ta ja shi, ta cilla shi gaba." Ya bi motar mai kai nama har garin Stoke, daga can wani likita ya kwashe shi. Ya iso ana wanke tukwane, ko a jikinsa. Wai, "To ban iso ba?"

Ya rasu kumbon na nan a takarda. Wallahi abin ya ci mini rai.

Makon jiya sai ga kiran Maryam, 'yarsa da ta gaji aikin a jami'a, tana kuka tana dariya. "Yaya Nura, sun yarda! Wani babban roka zai tashi, an samar masa ɗan wuri a gefe."

Na ce, "Wato shi ma rage masa hanya za a yi?"

Ta ce, "Ai ɗan Baba ne."

Allah Ya jiƙan Kawu. Kullum cewa yake tafiya mai nisa ba ta son kaya. Allah Ya sauƙaƙa masa tasa, Ya sa ya tarar an ajiye masa wuri a gaba.