Takalmi Ƙafa Ɗaya

Jiya a taron marubuta a unguwar Nyékonakpoè wani ya ce mini, "Me ke cikin Zongo da har za a rubuta? Da Hausa kuma?"

Nan take na tuna marigayiya kakata mai koko. Da safe tana damawa, hayaƙin gawayi na cin idona, takan miƙo mini abin da ta tsinta, kamar takalmi ƙafa ɗaya.

"Maigidana, wa ya yar da wannan? Ba ni labarinsa kafin kokonka ya huce."

In na ce ban sani ba, sai ta ce, "Ƙarya kake, sake dubawa."

Na sake dubawa, Kaka. Da Hausar Zongo zan rubuta, ko sun so ko sun ƙi. Allah Ya haskaka kabarinki.