Malam Yahya Mai Haɗa Ja Da Kore

Akwatin wutar kwamfuta, naɗe cikin tsohon rawani. Ƙananan fanka biyu. Waya mai kauri. Gorar ruwa. Abin da Malam Yahya ya rungumo ke nan a motar Damagaram zuwa Gure, kuma ya ƙi a ɗora masa ko ɗaya a sama.

Direba ya ce, "Baba, jariri ne?"

Ya ce, "Jariri in ya bugu yana kuka. Wannan shiru zai yi mini sai mun isa."

Mai gyaran kwamfuta ne, butik ɗinsa na bayan kasuwa. Kullum da safe, kafin ya kunna komai, sai ya buɗe cikin kowace na'ura ya kakkaɓe rairayi da buroshin aski. Sannan shayi, sannan aiki. A kan wannan tsari gemunsa ya yi fari. Gyara ba ya ciyar da gida a Gure, don haka yana haɗa bidiyon biki.

Wannan tafiya saboda Balkisa ya yi ta. Ita ce ma'aikaciyar ƙungiyar masu lambu. Tudun rairayi na gangarowa kan kwarin da mahaifinta Abarshi ke da dabino da rogo, shi da maƙwabtansa. Masu kafa shingen tare rairayi sun ce bana kwari kaɗan za su iya yi, kuma sai wanda aka nuna musu a taswira cewa tudunsa na tafiya. An ɗauko hotuna daga sama da ƙaramin jirgi. Saura a ɗinke su su zama taswira kafin zaman zaɓe.

Nan aka tsaya. A cikin kwamfuta akwai wani allo da ake kira katin hoto, shi ke zana abin da ido ke gani, shi ke ɗaukar lissafi mai nauyi. Na kwamfutar biron Balkisa, wato ofishinta, ƙarami ne, na kamfanin da Yahya ke kira ja. Shirin ɗinke hotunan kuwa ba ya aiki sai da na wani kamfani, kore. Sabuwar na'ura ba za ta iso daga Yamai ba sai bayan an gama zaɓe.

Yahya yana da kore guda, shi ke yi masa aikin biki. Kuran, wato wutar lantarki, ya taɓa ƙona bakin da ake sa masa wayar gilashin kwamfuta, ba ya fitar da hoto, amma lissafinsa garau.

Ya ce mata, "Naki yana gani ba ya da ƙarfi. Nawa yana da ƙarfi ba ya gani. Mu sa su ciki ɗaya."

"Kawu, za su zauna lafiya?"

"Jaki da raƙumi ma suna shan rijiya ɗaya. Sai dai ba a sako su tare."

Wutar tsohon akwatin ba za ta ɗauki kati biyu ba, shi ya sa ya tafi Damagaram. Da ya dawo ya haɗa, ya kunna, gilashi ya yi baƙi ƙirin. Garbai mai shayi, wanda ya biyo su kallo, ya ce, "Madalla! Da tana rashin lafiya, yanzu ka yi mata sutura."

Yahya ya duƙa yana duba na'urar. Kowane kati yana da ɗan shirin da ke tuƙa shi, kuma ragowar wani tsohon shiri ce ta rikita su. Ya cire kore. Ya goge komai. Ya sa shirin ja shi kaɗai, ya kashe na'ura, ya je ya yi la'asar. Ya dawo ya mayar da kore, ya sa nasa. Ya bar wayar gilashi a jikin ja. Bakin kore kuma ya toshe shi da guntun fata, don kada wani ya ga babba ne ya mayar da wayar can.

Hoto ya fito. Fankoki suka ɗauki kuka. Aka bar su suna yi.

Ranar da taswira ta kammala, Abarshi ya shigo da sandarsa, ya sa fuska dab da gilashi. Ya daɗe. Sai ya ɗora yatsa.

"Ga dabinon babana. Wannan farin fa?"

Balkisa ta ce, "Tudun ne, Baba. Bara yana nan. Bana ga shi nan."

Tsoho ya janye yatsan. Kwarinsu ya shiga cikin waɗanda aka zaɓa. Yanzu shingen kaba na tsaye a kan tudun, rairayi na taruwa a bayansa.

Malam Yahya, kai ne ka tada kwamfutocin lakkwal, makarantar garin nan, daga gawar junansu, malamai sun shaida. Kai ne ba ka jefar da abu don rabinsa ya mutu. Maƙerin da ba ya hura wuta. Ba a kira sunanka ranar kafa shinge ba, ba ka kuma je neman a kira ba. Mun gode. Masu gyara na garin nan, ku je ku zauna kusa da shi tun yana gani da kyau, ku koyi sa abu ɗaya, a jira, sannan a sa na biyu.

Makon jiya Balkisa ta kira shi ya ɗauki katinsa. Lokacin bukukuwa ya zo, iyayen amare na ta sintiri a butik ɗinsa. Ya buɗe na'urar, ya share ta da buroshi, ya tambaya ko akwai sauran aiki.

Ta ce, "Akwai na kwarin Gamu. An kawo hotunansu, ba a taɓa ba. Amma Kawu, abincinka ne."

Ya dubi katin. Ya mayar da murfi ya ɗaure. Suka fito, ya ja ƙofar biro ya rufe da kansa.

Ya ce, "Amare ba rairayi ke bin su ba. Kati yana nan sai an gama na Gamu."