Wa Zai Gaya wa Adda Rasuwar Kawu Halliru?

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin ranar Talata, 14 ga Rajab 1446, daidai da 14 ga Janairun 2025, Allah Ya karɓi ran kawuna, Malam Halliru Mamuda, a asibiti a Kazaure, bayan ciwon haƙarƙari da bai daɗe yana fama da shi ba. An yi masa sutura bayan sallar azahar. Ina cikin aji a makarantar da nake koyarwa a Babura wayata ta yi ƙara. Babban wanmu ne, Yaya Haladu. Ya ce, "Bahijja, sai haƙuri, Kawu ya rasu," layin kuma ya katse. A tsaye na ji, da alli a hannuna, yara suna kallona.

Kawu, da kai ne, ba haka za ka gaya mini ba.

Kafin a dawo daga maƙabarta, maza sun yanke shawarar kada a gaya wa Adda. Adda ita ce mahaifiyarmu, yayarka uwa ɗaya uba ɗaya, tana zaune a rugarmu ta bayan Gwiwa. Daga bakinka muka ɗauki sunan, har mu 'ya'yanta da shi muke kiran ta. Bara waccan hawan jini ya shanye mata ɓarin jiki, ido kuma ya yi rauni, likita ya ce a guji duk abin da zai tayar mata da hankali. Yaya ya ce in ta ji, gawa biyu za mu ɗauka a wata ɗaya. Ban ga laifinsa ba a ranar, don ni ma tsoron da ke cina ke nan. Sai aka ja wa mutanen ruga da suka zo jana'iza kunne, in sun koma su ce kasuwa suka je.

Duk wanda ya san hanyar Kazaure zuwa Roni da Gwiwa ya san ka, ko da bai san sunanka ba. Da damina manomi ne kai kamar kowa. Amma da an yanke dawa an kai rumbu, sanyi ya fara shigowa, sai ka fito da tsohon kekenka daga zaure, ka zuba wa kaca mai, ka ba taya iska, daga nan kuma ka zama na jama'a. Riga biyu, da kwat na gwanjo a sama, rawani naɗe har kunne, ga safar ƙafa ka zura a hannu wai ta fi safar hannu ɗumi. Matarka Ya Kura, Babarbariya da ba ta raga wa Bafulatani, takan tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Ku dubi Bafulatanin da shanu suka gudu suka bari, ya koma kiwon ƙarfe." Kai kuma ka ce ƙarfen ya fi ta jin magana, ka hau ka tafi kana dariya.

Me kariyar ɗaura kaya ta bayan keken nan ba ta ɗauka ba? Geron niƙa na matan da ba su da ɗan aike, maganin tari daga kemis, irin albasa na masu noman rani, man shanu daga ruga zuwa gari, gishiri da kanwa daga gari zuwa ruga. Da waya ta shigo ƙauye, sai ka ƙara da jakar wayoyin mata da kake kai wa caji, kowace ka ɗaura mata zare mai launinta don kada ta wannan ta koma hannun waccan. Inda hanya ta yi rairayi ka sauka ka tura, inda ta yi ƙarfi ka hau. Na sha ganin ka ka iso da safe hannuwanka sun sandare, sai ka kara su a bakin murhu kafin ka iya kwance igiyar kaya. Ko a fuska ba ka nunawa. Mu dai mun ɗauka sanyi ba ya kama ka.

'Ya'yanka sun so su haɗa su saya maka babur, ka ƙi. Ka ce mai babur, kafin tsohuwa ta ɗaga hannu ya wuce, amma mai keke ko da murya ƙasa-ƙasa aka kira shi zai ji ya tsaya. A lokacin na ɗauka taurin kai ne irin na tsofaffi, har na faɗa maka haka, ka ce in bari in na tsufa mu sake maganar. Zumunta a ƙafa take, in ji Hausawa, kai kuwa ƙafarka a kan feda ta ƙare.

Akwai aiken da ya fi duk waɗannan nauyi, shi ne kuma ya sa nake wannan rubutu. Lokacin sanyi lokacin tafiyar tsofaffi ne da masu jinya. In aka yi rasuwa, akwai kuma uwa ko 'yar'uwa a wani ƙauye da ake tsoron yadda za ta ji, kai ake nema. Ba sarauta ba ce, ba wanda ya naɗa ka, ba kuma wanda ya taɓa biyan ka. Ka ce labarin mutuwa ba a jefa wa mutum shi ta waya, a kashe, a bar shi shi kaɗai da bango. In ka isa gari ba ka zarcewa gidan. Sai ka fara nemo wata dattijuwa a maƙwabta ta shiga ta zauna kusa. Ka sayi ƙosai mai zafi a hanya, ka yi sallama, a gaisa, ka tambayi shanu da jikoki, ka matsa sai an ci, don ka san in magana ta fita ba mai sake sa komai a baki ranar.

Haka ka yi mana shekarar da mahaifinmu ya rasu a asibiti a Kano. Ina 'yar makaranta lokacin. Na tuna ka zauna a kan turmi kana ta yi wa Adda hira, har ta cinye ƙosan da ka kawo, ta sha ruwa. Sannan ka sauko ƙasa, ka cire hula, ka ce, "Adda, jikin Malam ya yi tsanani." Ka bar ta ta iso ga sauran maganar da kanta. Da ta fahimta ta sulale, tsohuwar da ka kawo ce ta tare ta. Ba ka koma gida ba sai da aka share makoki, kekenka jingine a jikin danga. Daga shekarar nan ba ranar kasuwar Gwiwa da ba ka biyo ta rugarmu ba, in dai ana iya bin hanya.

To ga shi yau kai ne labarin, kuma babu mai kai shi. Kasuwar Gwiwa ta ci, Adda ta sa aka shimfiɗa mata tabarma a inda take jin shigowar mutane. Saude, matar Yaya, wadda ke kula da ita, ta ce mata kekenka ne ya lalace. Adda ta ce a ajiye maka man shanunka a rufe kada ƙuda ya taɓa. Da Saude take ba ni labari ta waya kuka take yi, ta ce ita dai ba za ta iya sake yin ƙarya ba. Matan ruga kuma sun daina shigowa gaishe ta, kowace tana tsoron kada hawaye ya tona ta. Sai ya zama mun rabu da kai, ita kuma mun raba ta da mutane.

Bayan sadakar bakwai na sami Yaya. Ban saba ja da shi ba, amma ranar na ja. Na ce, "Yaya, Adda ce ta goye Kawu tun mahaifiyarsu ta rasu ta bar shi yana shan nono. Bare yana yi masa addu'a, ita tana ajiye masa man shanu?"  Ya ce, "In wani abu ya same ta fa?" Na ce ban sani ba. Wallahi ban sani ba, Kawu, kuma da wannan rashin sanin na hau mota zuwa Gwiwa.

Na sami Adda tana shan hantsi, ta jingina da bango, an lulluɓe mata ƙafa. Duk maganar da na tsara a hanya ta watse. Na durƙusa na riƙe hannunta mai lafiyar, na fara kame-kame. Ta ce, "Bahijja, bar kewaye-kewaye. Yaushe?" Na gaya mata. Ta yi salati. Ina kallon bakinta, ina kallon ƙirjinta, ina jiran abin da Yaya ya ji tsoro. Na fara kiran sunan Allah a zuci. Sai ta juyo da fuskarta wajena ta ce, "An ɗumama masa ruwan wanka?"

Ban san amsa ba. Na kira Ya Kura, tana ɗakin takaba, na kara wa Adda wayar a kunne. Ina jin muryarta tana cewa, "Adda, ni na hura wutar, ni na taɓa ruwan da hannuna kafin maza su ɗauka." Adda ta ce, "To, alhamdu lillahi. Allah Ya yi miki albarka." Sannan ta gaya mini abin da ban taɓa sani ba. Ta ce tun kana jariri ba abin da ka tsana kamar sanyi. In ta yi maka wanka da ɗari sai ka yi ta karkarwa har leɓɓanka su canza, sai ta sa ka cikin zaninta a jikin fatarta kafin ka yi shiru. Ta ce har ka yi furfura haka kake, in ka iso wurinta ya rage daga kai sai ita, kakan ce, "Adda, sanyin nan zai kashe ni," ta ce to ka zauna a gida mana, ka ce wa zai kai musu. Daga nan ne kuka ya zo mata, muka yi shi tare.

Shekara da shekaru ina ganin ka a hanyar nan da sassafe, ina cewa Kawu ba ya jin sanyi. Ashe kana ji, fiye da mu da muke ɗaki muna ba ka saƙo ta taga. Wannan ya fi komai yi mini ciwo, kuma ban san ranar da zai daina ba.

Adda tana nan da ranta. Abin da kawai ta ce a gaya wa Yaya, ba ta ambaci sunansa ba don ɗan fari ne, shi ne ta yafe, amma an ci mata kwanakin da ya kamata a ce tana yi wa ƙaninta addu'a, kada a sake yi wa kowa haka.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Ya Kura da 'ya'yanta da jikoki, da Yaya Haladu, da mutanen rugarmu, da duk gidajen Kazaure da Roni da Gwiwa da kekenka ya taɓa tsayawa a ƙofarsu. Ina roƙon wanda hanya ta biyo da shi ya ratse ya shiga wurin Adda. Yanzu ta sani, ana iya yi mata gaisuwa.

Allah Ya jiƙan ka, Kawu Halliru. Allah Ya gafarta maka kurakuranka, Ya yalwata makwancinka, Ya haskaka shi. Allah Ya sa kowace tafiya da ka yi cikin sanyi don wani ta tsaya maka a ranar da ba mai tsaya wa wani. Allah Ya ba Adda haƙurin da ya fi namu, Ya sada ku a Aljanna Firdausi. Mu kuma in tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani. Amin.