Inda Muka Tsaya da Iya Kulu

Ranar wata Asabar ce cikin kaka, shekarar da na shiga aji huɗu a firamare. Matan gidanmu sun baje a inuwar ɗorawar da ke bakin gonar babana, a ƙauyenmu da ke kusa da Burumburum, ana tsinkar gyaɗa. An tara harawa gefe guda, kwanduna sun fara cika, mu yara muna tsinka ɗaya muna jefa biyu a baki. Da La'asar ta yi, kakata Iya Kulu ta karkaɗe zaninta, ta ɗauki buta ta yi alwala, ta shimfiɗa mayafi ta tayar da salla. Ita ba ta iya karatu a zuci ba, ko sallar rana ce sai ka ji raɗarta. Ina kusa da ita, sai na ji yadda take karanta Fatiha, tana haɗiye wasu kalmomi, tana sauya wasu. A lokacin shekarata biyu a Islamiyya, ina ganin babu wanda ya kai ni sani a gidan. Tana sallamewa na miƙe na ɗaure hannu, na kwaikwayi muryarta da karatunta a gaban kowa. Wasu matan suka ƙyalƙyale da dariya, goggona ta wawuri kara za ta tsula mini. Iya ta ɗaga hannu ta hana ta. Ta dube ni ta ce, "Takwara, ashe ba daidai nake yi ba? Shekara da shekaru ina tsayuwa gaban Ubangijina, babu wanda ya faɗa mini. To, ke za ki gyara mini."

Sunanta aka sa mini, kuma a ɗakinta na tashi tun da aka kai ni yaye wurinta ta ƙi mayar da ni. Ba ta taɓa riƙe allo ba, domin a gidan da ta tashi maza kaɗai ake turawa makaranta. Salla ma da kunne ta koye ta wurin uwar mijinta. Amma ban taɓa ganin mutumin da ya riƙe ibada kamarta ba. Ko tana tsakiyar talge aka kira salla, sai ta ja itace daga murhu ta tafi alwala. Azumin Litinin da Alhamis ba ya wuce ta, ko da ranar wankin kalwa ce a rafi. Haihuwarta tara, biyar ta binne da ƙuruciyarsu, kuma ban taɓa jin ta ambace su ba sai da addu'a. Da ciwon shanyewar jiki ya kwantar da kakana, shekara bakwai tana juya shi, tana yi masa wanka, tana ba shi kunu a baki da ludayi, har Allah Ya karɓi abinsa. Sana'arta daddawa ce. Ni nake tsince mata tsakuwa daga kalwa, ni nake iza wuta a ƙarƙashin babbar tukunyar, kuma ranar kasuwa ni nake bin ta a baya da ƙaramin faifai. Idan wani abu ya dame ni na kawo mata ƙara, abin da take cewa ɗaya ne: "Faɗa wa Allah tukuna, ni zan ji daga baya."

Washegarin ranar gyaɗar muka fara karatu. Ina dawowa daga makaranta, in ɗebo ruwa in share tsakar gida, sai in tarar ta wanke hannunta da toka saboda warin daddawa, ta shimfiɗa tabarma a bayan rumbu. Ni take ba kujerar tsugunno, ita ta zauna a ƙasa, ta daina ce mini Takwara ta koma Malama. Kullum akwai abin da ta ɓoye mini a bakin zani, ko ƙuliƙuli ko gaɓar rake. Fatiha kaɗai ta ɗauke mu wata guda, domin harshen da ya saba da abu shekara hamsin ba ya saurin saki. Sai in biya mata aya sau goma, ta kama, gobe ta dawo da tsohon karatunta. Ba ta jin kunya, ba ta gajiya. Ina jin ta tana maimaitawa a bakin turmi, tana maimaitawa tana tankaɗe. A haka muka wuce Nasi da Falaƙi da Ƙulhuwallahu. Kafin bazara mun gama Tabbat da Iza ja'a, muka shiga Ƙulya.

A nan abin ya tsaya. Ayoyin surar suna kama da juna, sai ta kama ta farko da ta biyu, ta shiga ta uku ta ɓace, ta dawo baya. Kwana biyar muna wuri ɗaya. Rana ta shida ƙawayena suna ƙofar gida suna 'yar carafke, ina jin ƙarar duwatsun da shewarsu, ita kuwa Iya ta sake rikicewa a daidai inda ta rikice jiya. Na miƙe na ture kujerar na ce, "Iya, ke fa kanki ba ya ɗaukar karatu. Ni na gaji." Ba ta yi fushi ba. Ta ɗauki kujerar ta gyara mata zama, ta ce, "Je ki wasanki, Malama, ma ci gaba gobe." Washegari na hango ta shimfiɗa tabarmar, sai na sulale ta ɓarakar danga na tafi gidan maƙwabta. Haka na yi jibi, haka na yi gata. Kusan mako biyu tana shimfiɗa tabarmar nan tana naɗewa, ba ta kai ƙarata wurin babana ba, ba ta rage mini ko loma ɗaya a kwano ba. Daga baya ta daina shimfiɗawa, ni kuma na ji daɗi.

Bayan na gama firamare aka kai ni makarantar kwana. Ita ta ɗauki akwatina a ka har bakin titi. Duk hutun da na zo sai ta ce cikin raha, "Malama, yaushe za a buɗe makarantar tamu?" Ni kuma in yi dariya in ce sai na huta. Daga nan na wuce kwalejin horon malamai, na yi aure a Kano, na haihu, na shekara fiye da ashirin ina koyar da 'ya'yan mutane da haƙurin da ban yi wa kakata ba. Ina aika mata atamfa da sabulu, ina ganin na sauke nauyi.

Ta yi tsawon rai, a lissafin babana ta haura casa'in. Da aka aiko cewa jikinta ya yi nauyi, na shiga mota ta Kwanar Dangora na iso da hantsi. Na tarar idonta ya rufe, kunnenta ma sai an ɗaga murya sosai. Ta shafa fuskata da hannu biyu ta gane ni. Bayan ta yi Azahar a zaune, ta riƙe yatsuna ta ce, "Malama, saurari haddata." Ta fara daga Fatiha, sura bayan sura, tsaf yadda na koya mata ina yarinya, babu harafin da ta haɗiye. Ta shiga Ƙulya, ta karanta aya biyu, ta dakata. Ta ce, "Nan muka tsaya." Na tambaye ta da ƙarfi me ya hana ta sa wani cikin jikokin da suka cika gidan ya ƙarasa mata. Ta ce, "Ai ina da malamata. Na san za ki zo." Na kafa bakina a kunnenta na biya mata aya ta uku, na sake biyawa, hawaye na zuba a kan ɗankwalinta. Tana murmushi tana gyaɗa kai, amma ba ta rarrabe abin da nake faɗa. Kwana uku na yi ina gwadawa, ba ta kama ko kalma ɗaya ba. Ta rasu kafin a cire gyaɗar wannan shekarar. Ayoyi huɗu ne kacal suka rage mana.

Yanzu idan na je ƙauyen da yamma, ina gamuwa da tsofaffin mata da jakunkunansu suna tafiya Islamiyyar matan aure, akwai mai biya musu har su iya. 'Ya'yana kuwa waya ce ke maimaita musu sura sau ɗari, ba ta ƙosawa, ba ta da ƙawayen da ke jiran ta a waje. Iya Kulu ba ta samu ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Abin da ta samu shi ne yarinya 'yar shekara goma, kuma ta riƙe ta a matsayin malama har ƙarshen ranta. Ina yi mata addu'a bayan kowace salla, ina kuma fatan Allah Ya karɓi abin da ta iya, Ya yafe mini abin da ban ƙarasa mata ba. Ita ta jira ni shekara talatin, ni kuwa na kasa jiran ta yini ɗaya.