Frau Seibold, Wadda Ta Wanke Makahon Layinmu

Kullum da safe Frau Ortrud Seibold takan cusa burodi da cuku a aljihu, ta rataya 'yar rediyonta mai sandar eriya, ta fita farautar na'urorin da ke dagula saƙon rediyo. Aikinta ke nan a hukumar sadarwa. A watan nan za ta yi ritaya, ni kuwa ba zan bari ta sulale shiru ba.

Bara agogunan layinmu, masu saita kansu da saƙon lokaci ta rediyo, suka rikice. Ranar da aka tura agogo gaba da awa ɗaya, kamar yadda ake yi a ƙasar nan duk shekara, namu suka ƙi motsi, washegari jirgin ƙasa ya bar rabin unguwa. Mu kuwa komai muna yafewa ban da latti. Nan take aka sami mai laifi: Herr Pfaff, tsoho makaho mai doguwar eriya a kan rufi, wadda da ita yake hira da abokansa na nesa tun rasuwar matarsa. Mai gidan hayar, Herr Dengler, ya ba shi zuwa ƙarshen wata ya sauke ta ko ya kwashe kayansa.

Frau Seibold ta zo, ta roƙi tsohon ya kashe duk na'urorinsa. Hayaniyar da ke rediyonta ko gezau. Sai ta shiga juya sandar a hankali har hayaniyar ta ɗauke, don inda sandar ta nuna lokacin shirun, can ɓarnar take. Ta koma wata kusurwa ta sake gwadawa. Duka biyun suka nuna lambun Herr Dengler, daidai injin lantarkin da ke tura ruwa a tafkin kifinsa.

"Haba, Frau Seibold, sabo ne fil," in ji Herr Dengler.

"Shi ya sa yake da ƙarfin ihu. Zare mini shi daga wuta."

Ya zare, saƙon lokacin ya fito tas. Herr Pfaff, da ke dogare da sandarsa a bakin shinge, ya gyara murya.

"Herr Dengler, su kifin yaushe za su kwashe kayansu?"

Wallahi daɗi ya kashe ni ranar.

Ke ce mai kunnen da ba ya sauraron tsegumi, Frau Seibold. Ke ce ba ki taɓa ɗora wa kowa laifi ba sai kin auna. Mun gode. Masu gadon aikinki, da mu masu saurin nuna yatsa, mu koyi wannan haƙurin. Eriyar tana nan kan rufi. Jiya da la'asar na jiyo Herr Pfaff ta taga yana ba wani mutumin Finland labarin ta rediyo, yana dariya har da tari.