Tsamin halshen saniya

Loma ɗaya na kai, na ture kwanon. Kwaɗon halshen saniya ne, ganyen da Inna ke kwaɗa mana kafin ta rasu, amma nawa salam, ba tsami.

Maƙwabciyarmu, Iya Tabawa, ta ɗanɗana.

"Ɗiyata, yaushe kika tsinko?"

"Da la'asar, Iya."

"Haba! Ganyen nan da dare yake tara tsaminsa, rana na fitowa ya cinye abinsa. Innarki da asuba take tsinka, yadda kakarta ke yi a Korahane tun Nasara bai zo ba."

Yau na yi sammako, tsamin ya fito daidai. Na ci rabi, na bar wa Inna rabi, sannan na tuna ba ta nan.

Ku fa, wane girki kuka iya bayan mai shi ta tafi?