Lambar Sirrin Anti Buɗe-min

Ni na jawo mata, gara in faɗa tun yanzu. A laburaren jami'ar da nake aiki, shugabarmu ta kira ni wata Litinin ta ce hukumar makaranta na son sanin ko mujallu da littattafan intanet da ake yi mana rajistarsu duk shekara ana amfani da su, ko kuwa ado ne kawai. In bincika su wa ke shiga, sau nawa, me suke saukewa. Na fito ina rawar kai, don shekarata biyu a wurin ba a taɓa ba ni aikin da ya wuce jera littattafai a kanta ba.

Na raba takardun tambayoyi ɗari uku, ɗalibai suka cike, kusan kowa ya ce yana amfani da mujallun sosai da sosai. Sai na rubuta wa kamfanin da ke ba mu su, na roƙi ya turo mana jerin masu shiga. Ranar da amsar ta iso, na buɗe ta nan take. Cikin mutum dubu tara da aka bai wa lambar shiga, waɗanda suka shiga da tasu a shekarar ba su kai arba'in ba. Amma lamba ɗaya tak ta sauke maƙala dubu goma sha ɗaya da 'yan kai. A ƙasa kamfanin ya ƙara da cewa sai da na sa suka duba sannan suka lura: wannan ba karatun mutum ɗaya ba ne, ya fi kama da mai kwasa yana sayarwa a waje. Sun ba mu kwana goma mu yi bayani, ko su rufe wa jami'ar baki ɗaya. Na duba mai lambar har sau uku ina fatan idona ne, amma sunan bai canza ba, Anti Buɗe-min ce.

Anti ita ce mai kula da ɗakin kwamfuta na laburaren. Gajeruwa ce mai kauri, gilashinta rataye da zare a wuya, kullum da filas ɗin shayi a ƙarƙashin tebur ko da ana zafin da ƙarfe ke ƙuna. Shekara goma sha tara ta yi tana buga tafireta a ofishin rajista. Wata rana aka shigo da kwamfutoci, aka loda tafiretocin a baro aka kai sito, cikin su takwas masu bugawa aka sallami shida. Ta taɓa gaya mini cewa tun daga ranar, in ta ga masinja ya nufo ta da farin ambulan sai gabanta ya faɗi. A lokacin hutun rana ta koya wa kanta kwamfuta, tana leƙen ta sakatariyar wani ofis, har aka ga za ta yi amfani aka turo ta wajenmu. Mijinta direba ne, ciwon shanyewar ɓarin jiki ya zaunar da shi, ita ke riƙe da gidan. Saura wata goma sha huɗu ta yi ritaya.

Aikinta a rubuce kaɗan ne: ta kunna, ta kashe, ta hana cin abinci kusa da na'ura. To amma lambar sirrin da ake ba kowa doguwa ce, haruffa da alamomi a cakuɗe kamar kaza ta taka tawada, kuma duk wata uku sai ta mutu. Wanda ke sabuntawa yana can wani gini a ƙarshen makaranta, in ka same shi a kujerarsa ka yi sadaka. Sai ɗalibi ya zo mata ido ya raina fata, gobe zai miƙa aiki, lamba ta ƙi. "Anti, don Allah buɗe min." Sai ta ja tsaki, ta sa gilashi, ta buɗe masa da tata. Daga nan ta koma nemo musu ma, don yatsunta ba sa kallon madanni kuma ba ta kuskuren harafi. Sharaɗinta ɗaya ne, wanda ta taho da shi daga zamanin tafireta: ka rubuta abin da kake nema a guntuwar takarda, da sunanka da kwanan wata. In ta gama sai ta soke takardar a wata doguwar ƙusa da ke kafe a guntun katako. In ƙusa ta cika ta juye a kwali.

Duk mun san da haka. Ni kaina ta buɗe min ya fi a ƙirga. Ba wanda ya taɓa tunanin cewa a can wajen kamfani, duk jami'ar mace ɗaya ce.

Kafin in kai gare ta masinja ya riga ni. Na same ta zaune da takardar tuhuma a hannu, shayinta ya huce.

"Anti, wallahi ban san haka zai zama ba."

"Sun ce sayarwa nake yi," in ji ta, muryarta can ƙasa. "Ƙanwata, ni? Wa zan sayar wa? Ko fahimtar abin da ke ciki ba na yi."

"Za mu yi musu bayani."

"In aka kore ni da sunan sata, shekara talatin da huɗu sun tafi a banza. Ba fansho, ba mutunci. Me zan ce wa mutumin da ke kwance a gida?"

Tsoro ya kama ni sosai. Sai idona ya faɗa kan ƙusar nan. Na ce mata kowace takarda shaida ce, mu fito da kwalayen. Kwana huɗu muka yi muna warewa wata-wata a ɗakin ɗinkin littattafai, ƙura na sa mu atishawa, kwana goman kamfani na ta raguwa. A rana ta biyu na lura da wani abu. Duk takardar da aka rubuta da koren biro, sai Anti ta zare ta a hankali ta tura cikin jakarta.

Mutum ɗaya ne a jami'ar nan ke rubutu da koren biro, kuma ko mai shara ya san shi. Farfesa ne na sashen nazarin ƙasar noma, dogo, mai ƙarancin dariya, wanda in ya ratsa baranda malamai ke gyara tsayuwa. Shi ya yanke kirtanin buɗe ɗakin kwamfutar nan, ya yi jawabi cewa malamin da bai iya kwamfuta ba ya tattara ya koma gida. Kuma shi aka naɗa shugaban kwamitin da zai binciki Anti.

"Anti, me kike yi haka?"

"Waɗannan ba na nunawa ba ne."

Sai da na matsa mata ta faɗa. Shekara shida ke nan Farfesa na zuwa da sassafe kafin ɗalibai, kamar mai duba tsaftar ɗaki, ya ajiye takarda a gefen filas ɗinta ya wuce. Ita ta nemo, ta buga a takarda, ta sa a ambulan. Ko linzamin kwamfuta bai iya riƙewa ba. Ranar farko ya roƙe ta kada kowa ya ji, ta ce masa ba mai ji.

Raina ya ɓaci, har na manta da girmanta. "Haba Anti! Mutumin da zai yanka ki shi kike rufa wa asiri? Nasa sun fi ɗari bakwai! In babu su lissafi ba zai cika ba!"

"Na sani."

"To ki bari ni in faɗa."

"Kul!" Ta ɗaga min yatsa. "Ke yarinya ce, ba ki san abin da yake ji ba. Ni na sani. Na ji shi ranar da aka tura tafiretata a baro."

Ranar zaman kwamiti, da ƙarfe biyu na rana, muka shigar da kwalaye tara ƙaramin ɗakin taro. Farfesa a tsakiya, shugabarmu a dama, a hagu kuma mutumin sashen kwamfuta, wanda ofishinsa ne ba ya sabunta lambobi, kuma ya fi kowa ƙosawa a sami mai laifi wanda ba shi ba. Anti ta zauna a bakin kujera, ta rungume jakarta a ciki. Ni ina gefenta.

Mutumin sashen kwamfutan ya yi ta ɗauko takarda yana gwadawa da jerin kamfani. Ya ɗauko, ta yi daidai. Ya sake, ta yi daidai. Shugabarmu ta fara sauke ajiyar zuciya. Sai ya juya na'urarsa ya nuna musu.

"To, na yarda da waɗannan. Amma akwai maƙala ɗari bakwai da sittin da ba su da takarda ko ɗaya. Duk kan abu ɗaya, gishirin ƙasa a gonakin ban ruwa, kuma duk kafin ƙarfe takwas na safe, lokacin ba ɗalibi a ɗakin. Madam, wa kike kai wa?"

Shugabarmu ta sunkuyar da kai tana gyara takardun da ba su karkace ba, don ta san wa ke nazarin gishirin ƙasa. Na buɗe baki, Anti ta taka min ƙafa da dukkan nauyinta.

"Ba ni da abin cewa," in ji ta.

"Kun gani ko? Ranka ya daɗe, shawarata a sallame ta, mu rubuta wa kamfani mun kama mai yi, su bar mana mujallunmu." Mutumin sashen kwamfutan ya tura takardar sallama gaban Farfesa.

Farfesa ya zaro koren biron, ya cire murfin, ya mayar, ya sake cirewa. Na ga gumi na gangarowa ta bayan kunnensa yana shiga wuyan riga. A raina na ce shi ke nan, zai sa hannu, kuma ni ce sila. Numfashin Anti nake ji, gajere-gajere kamar wadda ta hau bene da kaya.

"Baiwar Allah," ya ce, bai ɗago ba, "buɗe jakar nan."

"Ranka ya daɗe, kayan mata ne a ciki."

Ya ɗago ya dube ta. Sannan ya ajiye biron.

"Nawa ne," in ji shi. "Ɗari bakwai da sittin ɗin, ni take nemo wa. Ban iya ba. Ban taɓa iyawa ba." Ya ture takardar sallamar gefe, ya ce shugabarmu ta ƙarasa zaman, don mai laifi ba ya shugabantar kwamiti.

Ba a kore ta ba. An ba ta takardar gargaɗi, an kashe lambarta, kamfani ya karɓi bayaninmu. Na sake rubuta rahotona: masu amfani da mujallun suna da yawa, masu iya shiga da kansu ne babu. Aka dawo da teburin sabunta lamba cikin laburare, aka kuma kafa doka cewa ma'aikaci ba zai ƙara taɓa madanni don wani ba, sai dai ya nuna da baki. Labarin Farfesa kuwa kafin la'asar ya zaga makaranta, har da ƙari.

Na ɗauka ba za mu sake ganinsa ba. Bayan sati ɗaya, da ƙarfe goma na safe, ɗakin cike da ɗalibai, sai ga shi. Hayaniya ta ɗauke. Ya ja kujera tsakanin wasu 'yan aji ɗaya guda biyu, ya zauna, ya fito da lambarsa a rubuce da koren biro. Anti ta zo ta tsaya a bayansa, ta kai hannuwanta baya ta riƙe ɗaya da ɗaya, don yatsunta ba su san doka ba.

Da yatsa ɗaya yake nemo haruffan. Ya kuskure. Ya sake, ya kuskure. Na'ura ta rubuto cewa saura gwaji ɗaya ta kulle shi. Wani ɗalibi ya fara murmushi, Anti ta watsa masa harara ya haɗiye. Ina hango hannuwanta a baya, sun yi jawur saboda matsa.

"A hankali, ranka ya daɗe," ta ce. "Na farkon babban baƙi ne. Riƙe wancan na gefe, sannan ka danna."

Ya riƙe, ya danna, ya bi sauran ɗaya bayan ɗaya. Shafin ya buɗe. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya juyo ya ɗaga kai ya dube ta, kamar yadda dubban ɗalibai suka yi kafin shi.

"To, Anti," ya ce, "yanzu kuma sai ina?"